Courchevel da sauran garuruwan hutun attajirai: wa ke biyan kuɗin ƙanƙarar?

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, mujallun yawon buɗe ido na Turai da Amurka kan fito da jerin wuraren da suke cewa sun fi kowane daɗin hutun hunturu a tsaunukan Alpes. Sunayen ba sa canzawa: Courchevel da Megève da Val d'Isère a Faransa, Saint-Moritz da Zermatt da Gstaad da Verbier a Suwizalan, Lech da Kitzbühel a Ostiriya, sai Cortina d'Ampezzo a Italiya. Hotunan ma iri ɗaya ne: farin tsauni, gidan katako mai wuta a murhu, da mutane sanye da tufafin sanyi masu tsada suna zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Abin da waɗannan jeri ba sa faɗa shi ne, ƙanƙarar da ake tallatawa tana ƙarewa, kuma kuɗin da ake kashewa don a riƙe ta ba daga aljihun masu hutun kaɗai yake fitowa ba. Akwai kason mai biyan haraji, akwai na ƙauyen da ake ɗibar ruwansa, akwai na ma'aikacin da ke kwana a mota, akwai kuma na mutanen da ke nesa da Turai waɗanda ba su taɓa ganin ƙanƙara na sauka ba. Wanda yake da hali yana da ikon ya huta inda ya ga dama, amma adalci shi ne ya biya cikakken kuɗin hutunsa da kansa.

Abin da ake sayarwa

Wasan kansa mai sauƙin fahimta ne. Mutum ya ɗaura dogayen allunan zamiya biyu a ƙafa, kujerun igiya masu aiki da lantarki su haura da shi saman tsauni, sannan ya gangaro a kan ƙanƙara. Abin da ya bambanta wuraren alfarma da sauran shi ne tsawo da faɗi da kuma abin da ke jiran baƙo idan ya sauko.

Courchevel, a gundumar Savoie, tana cikin yankin da ake kira Trois Vallées, wato kwari uku, wanda ya haɗa ta da Méribel da Les Menuires da Val Thorens. Hanyoyin zamiyarsu, idan aka jera su, sun kai kilomita 600, ɗan ƙasa kaɗan da nisan Yamai zuwa Maraɗi. Garin Val Thorens yana kan tsawon mita 2,300, ya zarce ƙololuwar tsaunin Bagzan da ke Ayar, wuri mafi tsawo a Nijar. Courchevel tana da filin saukar ƙananan jirage a kan tudu, titinsa mita 537 kawai, ga gangara sama da kashi 18 cikin 100, sai matuƙin da ya samu izini na musamman ke iya sauka. Tana da otal-otal masu lambar Palace, matsayi mafi girma da Faransa ke ba otal, irin su Les Airelles da L'Apogée da Cheval Blanc na kamfanin LVMH, mallakar Bernard Arnault. Tikitin hawa kujerun igiya na yini guda a Trois Vallées ya kai kimanin Yuro 80, wato sama da jaka 50 na sefa, fiye da albashi mafi ƙanƙanta na wata guda a Nijar, wanda yake jaka 42. Wannan kuɗin hawa ne kawai, ba a zo maganar kwana da abinci ba.

Saint-Moritz ita ce uwar wannan kasuwa. Ana ba da labari cewa a 1864 wani mai otal, Johannes Badrutt, ya yi wa baƙinsa Ingilishi alkawarin biya masu kuɗin hanya idan suka dawo a hunturu ba su ji daɗi ba. Suka dawo, suka zauna har bazara. Garin ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu sau biyu, a 1928 da 1948. Megève kuma Noémie de Rothschild ce ta raya ta a shekarun 1920 don Faransa ta samu tata Saint-Moritz. Zermatt, a gindin tsaunin Matterhorn mai mita 4,478, ta hana motocin fetur shiga gari, kuma motar igiyarta tana kai mutum har mita 3,883. Gidan sarautar Holan ya daɗe yana hutu a Lech, Sarki Charles na Birtaniya kuma an san shi da Klosters.

Garin da aka gina don talaka

Tarihin Courchevel ya isa darasi. Saɓanin Megève, ba attajiri ya kafa ta ba. Majalisar gundumar Savoie ce ta yanke shawarar gina ta a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin jama'a. Mai tsara garin, Laurent Chappis, da injiniya Maurice Michaud sun fara tunanin aikin tun suna fursunonin yaƙi a Ostiriya. Manufar ita ce a samar wa ƙauyawan tsauni aiki, a kuma buɗe wa matasa da ma'aikata ƙofar wasan da a da sai ƴaƴan masu kuɗi. Daga 1964 zuwa 1977 gwamnatin Faransa ta faɗaɗa wannan tunani da shirin da aka sani da Plan neige, ta karɓi filayen makiyaya, ta shimfiɗa hanyoyi, aka gina sababbin garuruwa a saman duwatsu.

Yau wanda ya kafa garin da zai dawo ba zai gane shi ba. Shagunan Dior da Chanel da Louis Vuitton sun jeru a kan titinsa. Farkon Janairu, lokacin Kirsimetin mabiya ɗariƙar Otodoks, ya zama makon attajiran Rasha shekara da shekaru, kafin yaƙin Yukren ya rage su, attajiran ƙasashen Larabawa da Birazil da Indiya suka ƙaru. A Faransa baki ɗaya, kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke zuwa hutun ƙanƙara, kuma yawancinsu daga gidajen masu hali suke. Jama'a ne suka sa jari, ƴan tsiraru ke morar abin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙanƙara ta koma sama, kuɗi ya bi ta

Yankin Alpes ya ɗumama da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, fiye da matsakaicin duniya nesa ba kusa ba. Daskararrun ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan, waɗanda suka yi dubban shekaru suna nan, sun yi asarar kashi 10 cikin 100 na girmansu a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A ranar 3 ga Yuli 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A ranar 28 ga Mayu 2025 ƙanƙara da duwatsu suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Suwizalan, Allah ya sa an kwashe mazaunansa kimanin 300 kwanaki kafin nan.

Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature Climate Change ta buga a Agusta 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya gano cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin rashin ƙanƙara, idan ta kai digiri 4 kuma kashi 98. Ko da an rufe rabin hanyoyinsu da ƙanƙarar inji, haɗarin zai tsaya a kashi 27 da kashi 71.

Wannan haɗari bai rabu daidai ba. Wuraren da ke ƙasa da mita 1,500 su ne suka fara ɗanɗanawa, kuma su ne masu arha, inda iyalai da ƴan makaranta ke koyon wasan. La Sambuy, kusa da Annecy, ta rufe a 2023 saboda ma'aikatar magajin gari ta gaji da cike giɓi. A Oktoba 2024 mazauna Seyne-les-Alpes suka jefa ƙuri'ar rufe Grand Puy. Masu bincike sun ƙidaya wurare sama da 180 da suka rufe a Faransa tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yawancinsu ƙanana. A Fabrairu 2024 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto inda ta ce tsarin ya fara gajiya, kuma wurare kaɗan ne za su iya fatan ci gaba da aiki bayan 2050.

Su waye waɗannan kaɗan? Su ne dai masu tsawo, masu kuɗi, waɗanda ke saman jerin mujallu. Duk wurin da ya rufe a ƙasa, baƙinsa masu hali sai su haura sama, farashi ya ƙara tashi. Ta haka ɗumamar yanayi ta zama riba ga Courchevel da Zermatt, aƙalla na wasu shekaru, ta zama asara ga ƙananan ƙauyuka. Jerin wurare mafi kyau ya koma jerin waɗanda suka fi ƙarfin sayen lokaci.

Hunturun da ake ƙerawa da inji

Lokacin ana sayen sa ne da ruwa da lantarki. Injin ƙanƙara yana fesa ruwa da matsattsiyar iska cikin sanyin dare, ɗigon ya daskare kafin ya faɗi. Ruwa mita kubik ɗaya yana ba da ƙanƙara kimanin mita kubik biyu. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya a Italiya suna da irin waɗannan injuna, kusan kashi 70 a Ostiriya, kimanin rabi a Suwizalan, kusan kashi 40 a Faransa. Eka ɗaya ta Turawa, wato murabba'in mita 10,000, tana shan ruwa kimanin lita miliyan 4 a hunturu guda. Idan aka auna da lita 20 a yini, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiyoyin lafiya ke cewa mutum na bukata, wannan ruwan zai ɗauki mutum sama da 500 shekara guda.

Ba wanda ke cewa za a kwaso ruwan Alpes a kawo Damagaram. Rikicin a can gida yake. Ana ɗibar ruwan ne a watannin da ƙoramu suka fi ƙafewa, daidai lokacin da yawan mutanen gari ke ninkuwa saboda baƙi. Don haka ake haƙa manyan tafkuna a kan tsauni, a shimfiɗa masu leda. A La Clusaz hukumar gari ta so haƙa tafki mai ɗaukar mita kubik 148,000 a tudun Beauregard, kusan kashi biyu cikin uku domin ƙanƙarar inji. Masu kare muhalli suka tare a dajin, aka shigar da ƙara, kotun Grenoble ta dakatar da aikin a Oktoba 2022.

Inda inji ya kasa, sai a nemi wata dabara. Kitzbühel, wadda ke ƙasa da mita 800, takan tara ƙanƙarar bara ta lulluɓe ta duk bazara, ta shimfiɗa ta a kaka kamar farin zare a kan koren tudu. A Disamba 2022 an yi jigilar ƙanƙara da manyan motoci zuwa filin gasar Le Grand-Bornand. A Fabrairu 2020, a Luchon-Superbagnères da ke tsaunukan Pyrénées, jirgi mai saukar ungulu ne ya kwaso tan 50. A Oktoba 2023 hotunan motocin haƙa suna farfasa ƙanƙarar Théodule, a saman Zermatt, don shirya gasar duniya sun tayar da ƙura, hukumomin yankin suka hana aiki a wajen iyakar da aka ba da izini. Ƙarshenta gasar ma ba a yi ta ba, iska da guguwa suka hana. Shekarar da ta gabace ta kuma rashin ƙanƙara ne ya hana.

Hannun gwamnati a aljihun kowa

Masu wannan sana'a suna son a ɗauke ta a matsayin kasuwa mai cin gashin kanta. Lissafi bai nuna haka ba. Kamfanin da ke tafiyar da kujerun igiya na Courchevel, S3V, gundumar Savoie ce ke da mafi yawan hannun jarinsa. Babban mai hannun jari a Compagnie des Alpes, wanda ke riƙe da Val d'Isère da La Plagne da Les Arcs, asusun gwamnati ne, Caisse des dépôts. Jihar Auvergne-Rhône-Alpes, a lokacin shugabancin Laurent Wauquiez, ta zuba miliyoyin Yuro daga 2016 wajen sayen injunan ƙanƙara da haƙa tafkuna. A hunturun 2020 zuwa 2021, da cutar korona ta sa aka rufe kujerun igiya duk kakar, gwamnati ta tallafa wa tattalin arzikin tsauni da sama da Yuro biliyan 5, sannan ta ƙara da shirin Avenir Montagnes na miliyan 650. A wannan hunturun ne Courchevel ta buɗe hanya ɗaya inda motoci ke haura da baƙi saman tudu a madadin igiya.

Sai kuma wasannin Olamfik. A ranar 24 ga Yuli 2024 kwamitin Olamfik na duniya ya ba Alpes na Faransa wasannin hunturu na 2030, da sharaɗin gwamnati ta tsaya lamuni idan aka samu giɓi. Firaminista Michel Barnier, wanda shi ma ya jagoranci wasannin Albertville na 1992 tare da Jean-Claude Killy, ya sa hannu a Oktoba 2024. Kasafin shirya wasannin kaɗai ya kai kimanin Yuro biliyan 2, kuma Courchevel na cikin wuraren da aka tsara. Ba a tambayi mazauna ba. Inda aka taɓa tambaya, amsar ba ta yi wa masu shirin daɗi ba: jama'ar Grisons, yankin Saint-Moritz, sun ƙi a 2013 da 2017, na Tyrol sun ƙi a 2017, na Valais, yankin Zermatt da Verbier, sun ƙi a 2018. Sun ga abin da ya faru da wasu. Grenoble ta yi shekaru sama da ashirin tana biyan bashin wasannin 1968. Hanyar tseren keken ƙanƙara da aka gina a Cesana don wasannin Turin na 2006 ta zama kufai cikin ƴan shekaru, amma duk da haka Italiya ta sare itatuwa a Cortina ta gina wata sabuwa domin wasannin 2026, da kuɗi sama da Yuro miliyan 100.

Gadaje masu sanyi, ma'aikata babu makwanci

A garuruwan nan akwai abin da mazauna ke kira gadaje masu sanyi: gidajen da masu kuɗi suka saya, suke buɗewa mako biyu ko uku a shekara, sauran lokaci a kulle. A yawancin manyan wuraren zamiya na Faransa irin waɗannan gidajen hutu sun fi na mazauna yawa nesa ba kusa ba. Farashin fili ya kai inda ɗan gari ba ya iya gina ɗaki kusa da iyayensa, sai ya sauka kwari, makarantar ƙauye ta rasa ɗalibai.

Masu dafa abinci, masu gyaran ɗaki da masu kula da igiya, waɗanda ke zuwa aikin wata huɗu ko biyar, su ne suka fi shan wuya. Wasu suna cunkushe a ƙananan ɗakuna, wasu suna kwana a motoci cikin sanyin da ya wuce na daskarar da ruwa. A ranar 20 ga Janairu 2019 gobara ta tashi da asuba a wani tsohon gini da ake ajiye ma'aikata a tsakiyar Courchevel, ƴan mitoci daga shagunan alfarma. Mutum biyu suka mutu, sama da ashirin suka ji rauni, wasu sun diro ne ta taga. Wannan gini bai taɓa fitowa a hoton wata mujalla ba.

Suwizalan ta nuna cewa ana iya taka birki. A ranar 11 ga Maris 2012 masu zaɓe suka amince, da ƙyar, da shawarar Franz Weber ta hana gina sababbin gidajen hutu a duk garin da suka riga suka wuce kashi 20 cikin 100. Masu gine-gine sun yi hasashen durƙushewa. Zermatt da Verbier na nan, ba su durƙushe ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare wannan sana'a suna da maganar da ta cancanci a saurara. Kafin zuwan baƙi, ƙauyukan Savoie da Valais na cikin mafi talauci a Turai. Hunturu wata shida ne na zaman ɗaki da dabbobi, maza na tafiya ci-rani, yara ƙanana na zuwa birane sharar bututun hayaƙi. Duk wanda ya san yadda ƙauyukan Adar ke zama babu maza bayan girbi zai gane wannan hali. Wasan ƙanƙara ne ya tsayar da ƙaura. A Faransa ana danganta ayyukan yi kimanin 120,000 da shi. Suna kuma cewa ruwan injin yana narkewa ya koma ƙasa, lantarkin Faransa da Suwizalan yawancinsa daga nukiliya da madatsun ruwa yake, kuma attajiri ɗaya yana barin kuɗin da baƙi ɗari ba za su bari ba.

Akwai gaskiya a nan. Injunan ƙanƙara da kujerun igiya ƙaramin kaso ne na hayaƙin da hutun ke fitarwa, kuma rufe wuraren nan dare ɗaya zai jefa dubban iyalai cikin wahala. To amma wannan hujja ce ta a taimaki ma'aikata da ƙananan garuruwa su sauya hanya, ba ta nuna dalilin da zai sa mai gyaran mota a Marseille ya biya kuɗin tafkin da zai ba baƙon otal ɗin Palace ƙanƙara ba. Idan har sana'ar na da riba kamar yadda ake faɗa, ta ɗauki nauyin kanta. Idan kuma ba za ta tsaya ba sai da tallafi, a ba da tallafin inda zai yi amfani bayan 2050. Métabief, a tsaunukan Jura, ta riga ta yanke shawarar shirya wa ƙarshen zamiyar gangara tsakanin 2030 da 2035, tana karkata ga keke da tafiyar ƙasa da baƙin bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hayaƙin da ba ya neman biza

Fiye da rabin hayaƙin da hutun ƙanƙara ke jawowa daga hanya yake fitowa, wato yadda baƙo ya iso. A nan ne wuraren alfarma suka yi wa sauran nisa. A ranakun Asabar na hunturu filayen jiragen Janiba da Chambéry da Sion da Samedan, kusa da Saint-Moritz, kan cika da jiragen masu zaman kansu, daga nan mai saukar ungulu ya ƙarasa da baƙo. Irin wannan jirgi yana iya fitar da iskar kabon tan 2 a awa guda. Matsakaicin ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara. Awa ɗaya a sama daidai take da shekara ashirin ta rayuwar manomi a Dakwaro.

Iskar da ke narkar da ƙanƙarar Matterhorn ita ce ke dagula damina a Sahel. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, ta rusa tsohon masallacin Birnin Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19. Masana yanayi da suka duba ruwan wannan shekara a kwarin kogin Kwara da tafkin Cadi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi. A taron COP28 na Dubai a 2023, duk alkawuran da aka yi wa asusun biyan asara ga ƙasashe matalauta sun tsaya kimanin dala miliyan 700. Italiya ta yi alkawarin Yuro miliyan 100, wato ƙasa da abin da ta kashe a hanyar tsere guda ɗaya a Cortina. Ba hutun ƙanƙara ne kaɗai ya ɗumama duniya ba, amma da wuya a samu wurin da rashin daidaiton ya fito fili kamar nan.

Abin da ya kamata

Na farko, kuɗin jama'a ya daina shiga sababbin injuna da tafkuna a wuraren da ke da otal-otal na alfarma. Wanda ke iya biyan dubban Yuro a kwana ɗaya zai iya biyan kuɗin ƙanƙararsa. Na biyu, a aiwatar da shawarar kotun binciken kuɗaɗe ta kafa asusu daga harajin kujerun igiya, don manyan wurare su taimaki ƙananan da ke rufewa su kwance ƙarafansu su nemi wata sana'a. Na uku, ruwan sha da na dabbobi ya zo gaban ruwan inji a doka, kuma a sa wa ruwan inji farashin da zai hana almubazzaranci. Na huɗu, kada a ba otal ko katafaren gida izinin gini sai ya nuna inda ma'aikatansa za su kwana. Dokar tsaunuka ta 2016 ta riga ta tilasta wa garuruwan yawon buɗe ido tsara makwancin ma'aikata, saura a bi ta da gaske.

Na biyar shi ne jiragen masu zaman kansu. Hanyar ba sabuwa ba ce. A 2006 Jacques Chirac ya kafa harajin tikitin jirgi don sayen magunguna ta hannun Unitaid, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga tsarin. A Maris 2025 Faransa ta ɗaga wannan haraji, har ya kai Yuro 2,100 a kan fasinjan jirgin haya na alfarma mai tafiya mai nisa. Abin da ya rage shi ne sauran ƙasashen Alpes su bi sahu, kuma a keɓe wani sanannen kaso ga asusun biyan asara. Wannan bukata ce da wakilan Nijar da na sauran ƙasashen Sahel za su iya ɗauka zuwa tarukan yanayi da lambobi a hannu, maimakon koke-koke na gaba ɗaya da ake saurara a tafa a watse.

Saint-Moritz da Zermatt da Courchevel za su ci gaba da zama a saman jeri, domin suna da kyau, kuma suna da tsawon da zai kare su wasu shekaru. Amma jerin da ya dace da wannan zamani sai ya ƙara tambayoyi a kan na da: ruwa nawa wurin ya sha a hunturun bara, kuɗin gwamnati nawa ya shiga, ma'aikata nawa ke da ɗaki mai ƙofar tsira, baƙi nawa suka zo da jirgin ƙasa. Majalisar Savoie ta 1946 ta gina Courchevel ne don jama'a su amfana. Tun da garin ya koma hannun masu kuɗi, mafi ƙarancin abin da jama'a za su nema shi ne a daina kawo masu takardar biya.